Baba Obadiya, wanda ba ya taɓa inji sai ya ga birki

Kafin motocin tumatir su fara fitowa daga Kadawa, Baba Obadiya ya riga ya share ƙarƙashin dalbejiyar da yake aiki a bakin titin Kura. Yakan yi addu'arsa a tsaye, ya jera sifanu a kan buhu, sannan ya amsa gaisuwa. Daga Filato ya zo tun yana saurayi. Bana ido ya fara yi masa gardama, ya ce zai ajiye aiki.

Mutanen yankin nan suna da wani mugun hali, kuma gara a faɗe shi. In man birki ya ƙare, sai a dama garin sabulu da ruwa a ɗura, a ce ai yana kamawa. Yana kamawa ɗin, har ranar da tsatsa za ta cinye bututu a kan gaɓar kanal, inda hagu ruwa ne, dama gonar shinkafa.

Haka aka yi wa tsohuwar Bitil ɗin da Sammani, wani manomi a Bunkure, ya gada. Mahaifiyarsa Iyatu tana fama da ciwon zuciya, ana kai ta asibiti Kano duk wata, kuma ta rantse ba ta shiga kowace mota sai ta marigayi mijinta. Sammani ya kawo motar gareji.

"Baba, ƙarfi nake so a ƙara mata. Amalanke ma wuce ni take yi."

Obadiya bai buɗe bayan motar ba, inda injin yake. Ya tsoma yatsa a mazubin man birki, sai ga kumfa.

"Wanki kake yi a ciki?"

"Haba Baba, kowa ma haka yake yi."

"Kowa ba shi ke ɗaukar Iyatu ba. Ba zan ƙara mata gudu ba sai ta iya tsayawa."

Sammani ya yi fushi, ya ce akwai wasu garejin. Obadiya ya miƙa masa mukulli, ya koma kan aikinsa. Sammani ya ja motarsa ya tafi. Iyatu ce ta dawo da ɗanta washegari, tana zaune a kujerar baya.

"Obadiya, yi abin da ka ga ya dace. Wannan tun yana goye yake da gaggawa."

Obadiya ya sauya bututun birkin gaba ɗaya. Ya shiga kasuwar tsofaffin kayan mota a Kano, ya yi ta yawo har ya samo birkin faifai da zai zauna a ƙafafun gaba, ya cire na da. Sai bayan nan ya wanke kafireta, ya sa sababbin fulogi, ya kara kunne yana saita injin har muryarsa ta daidaita. Da ya gama, ya loda buhunan taki a baya, ya hau gaɓar kanal shi kaɗai, inda ban ruwa ya jiƙa hanya, ya taka birki da iya ƙarfinsa. Motar ta tsaya cak, ba ta karkata ba.

Kai ne, Baba Obadiya, ka yarda mai mota ya tafi da fushinka, ba ka yarda ka ƙara wa mota mai birkin sabulu gudu ba. Ba addininku ɗaya da Iyatu ba, ba garinku ɗaya ba, amma ranka ka fara sawa a motar kafin nata. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba idonka lafiya.

Ku kuma sauran makanikai, ku koyi ce wa mai mota a'a. Iyatu na nan da ranta, watan jiya ma ta je asibiti ta dawo. Duk wanda za ku ɗura wa ruwan sabulu gobe, ku fara tambayarsa wa zai ɗauka.