Tafin Hannunta a Jikin Sifika

Shekarun baya, lokacin muna haya a Gada Biyu, akwai wata damuwa da na yi kusan shekara guda ina ɗauke da ita ban faɗa wa kowa ba. Ɗiyata ta fari ta wuce shekara biyu ba ta ce Mama ba. Tana tafiya, tana gudu, tana cin abinci har ta fi ni, amma magana babu. Yaron maƙwabciyata da aka haifa wata uku bayanta har ya iya zagin kaji, tawa kuwa sai dai ta ja mini zane ta nuna abin da take so da yatsa.

Kun san yadda ake da 'yar fari a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Ni kuma ga ƙuruciya, a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, ga surukata muna gida ɗaya. Sai na riƙe kunyar nan da ƙarfi don a ce ina da tarbiyya. In ina son yarinyar ta zo ba na kira, sai dai in je in ɗauko ta, ko in jira ta kalle ni in miƙa mata hannu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce wa surukata, “Inna, yarinyar nan fa har yanzu shiru.”

Ta ce, “Ubanta ma sai da ya shekara uku kafin ya buɗe baki, yau wa ke iya rufe masa? Miskila ce kawai, ni ma in na kira ta sai ta ga dama take juyowa. Ke dai ki rage sa ido a kan 'yar fari, kada a ji ki.”

Daga ranar ban ƙara ba.

Maigidana direba ne, yana ɗaukar tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa garuruwa. Yana da wani aboki Ibo mai gyaran rediyo, shagonsa na bakin layinmu, mu duka Oga muke ce masa. Abin da ya haɗa su abin dariya ne. Mahaifin maigidana ya yi wa wani Bature mai haƙar kuza aikin kuku a Bukuru, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa tarin faifan garmaho. Maigidana ya gaje su, ya kai wa Oga ya juye masa a kaset. A cikinsu akwai na wasu ƙungiyoyin makaɗa biyu na Ingila, tun na zamanin iyayenmu. Sunayensu ba su taɓa zama a bakina ba. Ni dai ɗaya ina ce musu Masu Sanyi, saboda muryoyinsu na tafiya tare a hankali, ɗayan kuma Masu Hayaniya, saboda gangarsu kamar ana daka a ɗakinka, mai waƙar kuma kamar an taka masa ƙafa.

Oga na Masu Sanyi ne, maigidana na Masu Hayaniya. Duk ranar Lahadi bayan la'asar, in Oga ya dawo daga coci ya ci abinci, sai ya shigo. A fito da rediyon maigidana a baranda, a jona shi da wata ƙatuwar sifika da Oga ya haɗa da hannunsa a cikin akwatin katako, a dasa musu.

“Direba, naka ba waƙa ba ne,” in ji Oga. Hausarsa irin ta 'yan kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji. “Ihu ne kawai. Ji nawa, ji yadda murya huɗu ya zama ɗaya. Wannan sai an zauna an yi tunani.”

“Tunanin me? Waƙar lallashin jarirai? In na sa naka a mota ko Bukuru ba zan kai ba, barci zai jefa ni rami da ni da tumatir ɗin mutane. Nawa kuwa maza ne. Ka ji yadda jitar nan take kuka?”

“Kai ka san abin da suke faɗi ma?”

“Kai ka sani ne? Rabin Turancinka na allon shago ne.”

Haka za su yi ta yi har a kira magariba. Wata rana Oga ya ce nasa sun fi iya tsara waƙa, kowace da irin tafiyarta. Maigidana ya ce nasa sun fi gaskiya, ba sa yi wa murya kwalliya. Inna tana daga ɗaki tana cewa Allah ya shirya. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, in sun juyo sun ce in raba gardama, in ce duk ciwon kai suke sa ni.

To, sai suka samu alƙali. Maigidana ne ya fara lura cewa in an sa Masu Sanyi, yarinyar ko ɗaga kai ba ta yi, tana can tana jera marafan kwalba a ƙasa. Amma da an sa Masu Hayaniya, ganga ta fara, sai ta tsaya cak, ta taso ta zo ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin sifikar, ta fara rausaya tana dariya. Dariyar nan ba na mantawa da ita, har da ƙyaƙyatawa.

Murna wajen maigidana ba a magana. “Oga, shari'a ta ƙare! Yarinyar da ba ta san son kai ba ta yanke hukunci. Jinina ce!”

Kusan wata biyu ana wannan wasan duk Lahadi. Har maƙwabta kan leƙo su kalla. Ni ma na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba, domin na ce a raina ashe tana ji, tunda ga shi tana rawa. Sai dai ni mai kallo ce, tunda an hana ni magana ido ya rage mini. Na lura ba ta tasowa sai in tana zaune a kan simintin barandar. In tana kan cinyar Inna a kujera, a yi ta kiɗan ba ta motsi. Na kuma lura ba kunnenta take kaiwa jikin akwatin ba, hannu ne, wani lokaci har da cikinta. Na ga wannan duka, na haɗiye.

Ranar da abin ya faru, Oga ya zo da wata 'yar ƙaramar rediyo mai cin kaset a hammatarsa. Ya gaji da shan kaye. Ya ce, “Direba, maguɗi ne. Akwati na ne yarinya yake so, ba mutanenka ba. Ni na haɗa shi, na san ƙarfin da na sa masa. Yau za mu gwada a wannan.”

Ya sa kaset ɗin Masu Hayaniya a ƙaramar rediyon, ya riƙe ta a hannu, ya murɗa har ƙarshe. Ƙarar kamar ana yaga kwano, har Inna ta fito tana salati. Yarinyar tana zaune ta ba mu baya, tana jera marafanta. Ba ta juyo ba.

Maigidana ya yi dariya ya ce, “Wannan gwangwanin naka wa zai kula shi?”

Oga bai yi dariya ba. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya taka a hankali ya je bayanta, ya kai rediyon daf da kunnenta na dama. Ta ci gaba da wasanta. Ya mayar na hagu. Ta ɗauki wani marfi ta sa a baki. Sai ya kashe rediyon ya ajiye, ya tsaya yana kallon hannunsa.

Ya ce, “Direba, in kasuwa ya cika da ƙara, ina so in san ko sifika yana aiki, ba na sa kunne. Yatsa nake ɗorawa. In yana rawa, yana aiki.” Ya nuna yarinyar. “Abin da yarinya yake yi ke nan.”

Ban san lokacin da farantin shinkafar ya bar cinyata ba. Na miƙe, a gaban Inna, a gaban maigidana da baƙo, na kira sunan ɗiyata. Karo na farko ke nan da sunan ya fita daga bakina da ƙarfi tun ranar da aka raɗa mata shi. Na kira sau ɗaya. Na sake kira. Na uku ihu ne, har maƙwabciyata ta fito da ludayi a hannu. Bayan yarinyar kawai nake gani, da ɗan kitson da na yi mata da safe. Inna ba ta ce mini kanzil ba a kan kunya. Zama ta yi a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Washegari muka je asibiti, aka tura mu wajen likitan kunne. Ya tambaye ni ko ta taɓa yin zazzaɓi mai tsanani. Na ce ta yi, tana wata takwas, har wuyanta ya sanƙare, aka kwantar da mu, ta warke muka yi ta godiya ga Allah. Ya ce wataƙila tun lokacin ne. Kunnuwan duka biyu. Sai ya tambaye ni a hankali, ba da faɗa ba, “In kin kira ta daga baya, tun yaushe ta daina juyowa?”

Ta yaya zan ce masa ban taɓa kira ba?

Ya ce jin ba zai dawo ba, amma da an sani da wuri da tuni an fara koya mata hanyar magana da hannu, da ba ta yi shekara ɗaya da rabi ita kaɗai a tsakiyarmu ba. Wannan kalmar, ita kaɗai, ita ce ta fi ci mini rai har yau.

Maigidana ya tattara kaset ɗin duka ya zuba a leda ya tura ƙarƙashin gado. Sifikar tana da nauyi, aka bar ta a baranda. Ya daina surutu. Ya taɓa ce mini, “Wata biyu ina tafi ina dariya, ashe rashin jin ɗiyata nake yi wa tafi.” Oga ma ya daina shigowa, sai dai su gaisa a bakin layi. Ina jin yana ganin kamar shi ya kawo mana labarin.

Yarinyar kuwa ba ta san an yi komai ba. Duk yamma sai ta je ta ɗora hannunta a jikin akwatin ta jira. In shiru, ta ɗaga kai ta kalli ubanta, ta bubbuga katakon, ta sake ɗorawa. Shi kuma sai ya tashi ya fita.

Da abin ya kai mako shida na kasa jurewa. Na sa hijabi na tafi shagon Oga, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Oga, don Allah ka zo ranar Lahadi. Yarinyar tana jira.”

Ya zo. Bai yi wata doguwar gaisuwa ba, ya ce in ɗauko ledar. Da hannunsa ya zaɓi kaset ɗin Masu Hayaniya, waɗanda ya yi shekaru yana zagi, ya jona wayoyin, ya murɗa wajen ganga har ƙarshe. Simintin ya fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ta taso da gudu ta rungume akwatin gaba ɗaya, ta saki dariyar nan.

Oga ya zauna kusa da maigidana a benci. Can ya ce, “Direba, na yarda. Naka sun fi.”

Maigidana ya kalli yarinyar a jikin akwatin. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Ranar ce na fara ganin hawayensa.

Bayan 'yan shekaru, da zaman gari ya yi wuya, Oga ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Ya bar mana sifikar, ya ce ta alƙali ce. Ɗiyata ta shiga makarantar kurame, ta iya karatu da rubutu fiye da ni, ita ke gyara mini in na yi kuskure. Na koyi maganar hannu, Inna ma ta koyi kaɗan kafin rasuwarta, tana yi tana haɗawa da tsaki. Sunan da ɗiyata ta ba ni da hannu shi ne taɓa gefen ido, wai mai kallo.

In yau aka tambaye ni wace ƙungiya ce ta fi, ni da ban san kalma ɗaya a waƙoƙinsu ba, ina da amsa. Masu Sanyi sun fi daɗi a kunne, wannan ko maigidana ya sani, don na sha kama shi yana sauraron su shi kaɗai a mota tun da abokinsa ya tafi. Amma Masu Hayaniya su kaɗai ne suka taɓa isa wajen ɗiyata. Lokacin da ni uwarta na kulle bakina, su ne suka ƙwanƙwasa mata. Har yanzu in na ji irin gangar nan a wani shago sai in tuna bayanta da ɗan kitson nan.

Roƙona gare ku, musamman masu ɗan fari: yau ɗin nan, ki tsaya a bayan ɗanki inda ba ya ganinki, ki kira sunansa da ƙarfi. Ko surukarki na zaune, ki kira. In bai juyo ba, kada ki jira Lahadi ta zagayo, ki kai shi a duba kunnensa.