Kaset ɗin Mai Jita a Ƙofar Kuyambana

Na tarar da wani mutum yana tsaye a shagon Malam Zailani mai gyaran rediyo a Ƙofar Kuyambana. Dogo ne ramamme, sanye da kaftani mai guga irin na ma'aikatan gwamnati, amma kan yatsunsa na hagu duk kanta ce. Ya miƙa wani tsohon kaset da zarensa ya tsinke.

"Malam, a lallaɓa shi. Shi kaɗai ya rage."

Malam Zailani ya liƙa zaren, ya saka a rakoda. Sai ga kukan jitar lantarki haɗe da kalangu da gurmi, wata murya tana waƙa da Hausa da Turanci. Ina jin ƙungiyar samari ce ta zamanin jami'a, wadda aure da neman aiki suka tarwatsa.

Yatsun mai kaset ɗin na motsi a ƙirjin rigarsa, suna danna tsirkiyar da babu ita.

"Kai ke waƙar nan?" in ji mai shagon.

"A'a, ni ne mai jita. Muryar ƙanena ce, Jalo. Makon jiya muka yi jana'izarsa."

"Allah ya jiƙansa."

Waƙar ta ƙare, bai motsa ba.

"Don Allah, mayar mini da ita farko."