Gwaggo Ladidi da Takardar Muzuru

Duk wanda ya san Gwaggo Ladidi a unguwar Mansur ya san jakarta ba ta rabo da tsinken auduga. In ta shiga gidanka ta ga kyanwa, sai ta buɗe mata baki ta goge cikin kumatu kafin ta amsa gaisuwarka. Tsinken kuma ta aika a yi tahlili, wato gwaji, a duba ko akwai ciwon gado. Ƙanwar babana ce, kiwon kyanwoyin Shirazi masu dogon gashi ne sana'arta, kuma dokarta ɗaya: ba takarda, ba barbara.

Wani attajiri daga unguwar Aziziyya ya taɓa kawo kyanwa mai lanƙwasassun kunnuwa, yana so a haɗa ta da muzurun Gwaggo. Ta latsa ƙafafun, kyanwar ta yi ƙara. Ta ce masa abin da ya lanƙwasa kunnen shi ke cin gaɓoɓin. Ya ce ai kyan ke nan, ta faɗi farashi.

"Kyan ɗan maciji ne, Alhaji. In lanƙwasa kake so, lanƙwaso naka kunnen ka ji magana."

Sai ga gwaji ya kama Basha, farin muzurun da take taƙama da shi: ciwon ƙoda na gado. Masu kiwo suka ce ta ɓoye takardar, tunda a ido lafiyarsa lau. Ranar ta kai shi aka fiɗiye, ta bi gidajen da ta sayar wa 'ya'yansa tana faɗa musu. Dattawan sana'ar suka ce ta kashe kasuwarta.

"Basha ya yi ritaya," in ji ta. "Ku masu jikoki ne kuka ƙi yi."

Da mai neman aurena ya zo gaishe ta, hannu ta miƙa ta ce takarda. Bawan Allah ya zaro iƙama, takardar izinin zaman ƙasa. Ta ce ita ba 'yar sanda ba ce, ta jini take nufi. Bayan ya fita na ce, haba Gwaggo, ai ba muzuru ba ne.

Sai ta ba ni labarin Sani da Binta, 'ya'yanta da sikila ta ɗauke tun ba a haife ni ba, lokacin ba wanda ya yi musu gwajin jini ita da mijinta.

"Ƙaddara ce, na yarda. Amma ba a ce in rufe ido ba."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sada ta da yaranta a inda babu ciwo.