Tafin Hannun Ukasha Mai Tiyo

Zacchaeus mutumin Kona ne ya fara gaya mini cewa tiyo ma yana da doka. Rubuta sunan yadda yake a takardar nan da nake faɗa ana rubutawa, Hamna, ni bakina ba ya fitar da shi daidai. Lokacin ina gadi a garejin 'yan tifa, shi kuma yana aiki da wani kamfanin yin hanya, shi ne mai bin ma'aikata yana cewa sa hula, sa takalmi. Ya zauna kan bencina yana jiran mota, sai ya tsinci guntun tiyo a ƙasa, irin baƙin nan mai waya a ciki, wanda man inji ke bi ya ɗaga bayan tifa. Ya ce, "Baba, rubutun jikinsa yana faɗin ƙarfin da zai ɗauka da shekarar da aka yi shi. Wanda ke matse masa kan ƙarfe kuwa, sai an zo an duba shagonsa, an ga injin gwajinsa, sannan a ba shi shaida." Na ce masa mu nan shaidarmu Ukasha ne.

To, Ukasha ɗan unguwar Barade ne. Kakansa daga Zariya ya zo da aikin fata, babansa ya yi facin taya, shi kuma ya ɗauki tiyo. Rumfarsa tana bakin gareji, da injin matsewa na hannu wanda sai mutum ya hau kansa da nauyin jikinsa. Tifa, tarakta, katafila, duk wadda tiyonta ya fashe wurinsa take ƙarewa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga son raha. Kuma duk tiyon da ya haɗa sai ya shafa masa jan fenti a wuya, don kada a ɗora masa aikin wani.

Amma ba fentin ya yi masa suna ba. In ya gama ɗaurawa, sai ya ce wa direba ya ɗaga bodi da yashinsa a ciki. Bodi na sama, inji na gurnani, sai Ukasha ya sunkuya ya shiga ƙarƙashi, ya kama tiyon da tafin hannu ya shafa shi daga kai zuwa gindi. Ya fito ya buɗe hannun a gaban jama'a, a bushe. Shi ke nan an gama magana. Direbobi suka saba, har ya zama tiyon da Ukasha bai shafa ba, ba a yarda an gyara shi ba.

Ranar da Zacchaeus ya ga wannan da idonsa, nan take ya nufi Ukasha. Ya ja shi gefe ya ce, "Oga Ukasha, kana da yara?"

"Huɗu, ga na biyar a hanya. Za ka ɗauki ɗaya ne?"

"Ba wasa nake ba. Man nan in ya samu huda kamar bakin allura, fata ba ta tare shi. Cikin nama yake shiga. Ka sa kwali a sanda ka bi jikin tiyon, in akwai yoyo za ka gani. Kuma ka daina shiga ƙarƙashin kaya."

Ukasha ba wawa ba ne. Ya tambayi yadda ake samun shaidar nan, ko kamfani zai riƙa sayen tiyo a hannunsa. Zacchaeus ya lissafa masa: injin gwaji mai akwatin ƙarfe, tiyo da kan ƙarfensa su fito daga gida ɗaya, masu dubawa kuma daga can nesa za su taso. Ukasha ya dubi rumfarsa ta kwano da buhu, ya yi dariya, bai ƙara tambaya ba. Kamfanin ya ci gaba da yin odar nasa daga Legas.

Kwalin dai Ukasha ya gwada. Na gan shi ya ɗaure shi a sandar tsintsiya, ya tsaya nesa yana zurawa. Wani direba Mahadi, mai baki kamar reza, ya leƙo ta taga ya ce, "A'a, Oga, yau kifi kake kamawa?" Gareji ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "In kai mai aikin kana tsoronsa, ni da zan hau shi fa?" Kafin wata ya ƙare, motoci sun fara tsallake rumfarsa suna zuwa wurin wani sabon mai tiyo a hanyar kasuwa, wanda shi ma ya koyi shafawa da hannu. Rauda matarsa ta haihu, ga suna, ga makarantar yara. Sai Ukasha ya jefar da sandar bayan rumfa.

Ya ce mini, "Baffa, masu takarda ba sa so na don ba ni da inji, masu tifa ba sa so na in ban sa hannu ba. Ina zan bi?" 

Da damina ta faɗi, ya sayi wani sabon naɗin tiyo hannun wani ɗan tireda mai wucewa. Yana da rubutu a jiki tsaf, amma in ka goga yatsa sai rubutun ya biyo ka. Ukasha ya ce duk na yanzu haka suke. Ya yanka ya yi wa taraktar wani Abbo na Sunkani, aka tafi lafiya. Ya yanka ya yi wa tifar Mahadi. Aka ɗaga bodi, ya shiga, ya shafa. Sai ya fizge hannu ya ce wani abu ya harbe shi. Muka duba, ɗan ɗigo ne kamar sukar ƙaya, ko jini babu. Ya zuba masa man birki yadda makanikai ke yi, ya ce wa Mahadi ya sauke a sake. Mahadi har yana tsokanarsa wai zuma ta fi shi sanin aiki.

Hannun ya kwana ya tashi kamar tulu. Aka kai shi wurin mai magani ya shafa, aka sayi ƙwaya a kemis. Da aka je asibiti yatsun sun yi baƙi. Likita ya ce da a ranar aka zo da an tsaga an wanke. Daga wuyan hannu suka yanke, na dama.

Yanzu yana zaune a zauren gidansu, Rauda na suyar awara a ƙofa. Injin an sayar wa wancan na hanyar kasuwa. Kamfanin su Zacchaeus ya gama ya kwashe kayansa. A gareji kuwa har gobe shafawa ake, cewa suke kwanan hannun Ukasha ne ya ƙare.

Da na je duba shi, ya sa aka ɗauko guntun tiyon da ya cije shi. Ya ce, "Baffa, ɗan'uwan wannan yana jikin taraktar Abbo. Na yi masa waya ya ce tana aiki lafiya. Mutanenmu sai sun gani. Kai masa wannan, ka nuna masa hudar, ka ce ya cire. Ka ce kada yaransa su taɓa da hannu."

Na shiga mota na je Sunkani. Na tarar Abbo ya sayar da taraktar ga wani da ya zo daga wajen Bali, ko sunansa bai riƙe ba, Alhaji kawai ya sani. Ya ce in dawo ranar kasuwa, dillalin da ya haɗa cinikin zai zo. Na dawo, dillali bai zo ba. Daga nan ƙafar nan ta kwantar da ni.

Ban gaya wa Ukasha ba. In ya aiko a gaishe ni, yakan ce a tambaye ni ko saƙo ya isa. Guntun ga shi can rataye bayan ƙofa, cikin baƙar leda. Sa a takardar, Hamna, ko wani zai karanta ya gane motar: shuɗiyar tarakta ce, tiyon yana baya inda ake ɗaga garma, da jan fenti a wuyansa.