Kalmar Sirrin Hajiya

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don Hajiya tana nan da ranta, kuma ta san gidana. Amma dai bari in faɗa.

Ofishinmu na zanen gine-gine yana Nassarawa GRA, cikin wani tsohon gidan Turawa. Duk aikinmu yana cikin saba, wata babbar kwamfuta da aka ba ta ɗaki da na'urar sanyi, mu kuwa muna ta gumi. Kalmar sirrin shiga sabar har mai kawo mana fura ya san ta. Na yi aiki a Akra, na yi a Khartum, ban ga inda ake ƙwala wa mutum kalmar sirri daga saman bene ba sai wurinmu.

Sai maigidanmu ya ɗauko injiniya daga Giginyu. Ya raba wa kowa asusunsa na shiga saba da kalmar sirrinsa, ya kafa doka: kalma ta yi tsawo, a cusa lambobi, ban da sunan 'ya'ya. Maigida ya ƙara da cewa duk wanda ya faɗa wa wani tasa, a bakin aikinsa. Kowa ya juya ya kalli Hajiya sakatariya, wadda ko miyar da ta yi jiya sai ka ji labarinta.

Ina Jidda injiniya ya gwada su. Ya sa abokinsa ya bi su a waya, wai daga kamfanin intanet yake.

"Hajiya, faɗa min kalmar kawai, gyara za mu yi."

"Ɗan nan, ba zan iya ba."

"Za a rufe miki asusu fa."

"A rufe."

Ita kaɗai ta tsira. Manaja ya faɗa har da maimaitawa. Maigida ma ya faɗa, shi ya sa zancen kora ya mutu.

Da na dawo na tsokane ta. "Hajjaju, yaushe kika koyi riƙe baki?"

Ta rage murya. "Alhaji, rufa min asiri. Sunan yaron nan na sa, da lambar gidanmu."

Ɗanta na fari take nufi, wanda tun da ta haife shi alkunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba.

"Yatsa dai ya danna," in ji ta, "amma baki? Haba!"

Ashe injiniya yana bakin ƙofa. Ya biyo ni har mota.

"Alhaji, yanzu ƙararta zan kai don ta karya doka, ko dokar zan gyara?"