Tagar da Injiniya ya haɗa mini

Na yi aiki a wani kamfanin sabulu a unguwar Kakuri da ke Kaduna, a ofishin da ke tsara wa direbobi inda za su kai kaya. Bayan teburina akwai ɗakin kwamfuta, mai sanyin da ke sa mutum neman suwaita ana tsakiyar zafi. A ciki wata baƙar na'ura take, girmanta kamar firiji, daga gare ta duk kwamfutocin ofis ke samun bayani. Mai kula da ita wani dogon mutum ne ɗan kudancin Kaduna, mazaunin unguwar Television. Ina ce masa Injiniya, shi kuma ya ce mini Hajiya don tsokana, alhali ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba.

Shi ya fahimtar da ni yadda na'urar ke ajiya. Akwai babban fayil mai ɗauke da kowane kanti da muke kai wa kaya. Ƙananan fayilolin da ke jingine da shi ba sa riƙe komai, kowanne taga ce da ake hango babban ta cikinta, wata ta jera kantuna bisa haruffa, wata bisa yawan katan ɗin da suke ɗauka.

Wata rana ya same ni ina wahalar jera kantuna da hannu, ya ce in bari. Kafin a tashi ya haɗa mini tawa tagar. Ta jera su yadda mota ke cin karo da su: daga ƙofar kamfani, a bi Television, a leƙa Sabon Tasha, a dawo a miƙe har Gonin Gora. Ta dogara ne da wani ɗan gurbi a babban fayil da ake kira lambar hanya. Ni kuwa da kaina ke cike da littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa, na ɗauke ta kyautar masoyi. Kowace safiya in na buɗe ta sai in ga kamar muna gaban mota mu biyu, yana nuna mini kantunan ɗaya bayan ɗaya.

Bai taɓa furta komai ba. Yana kawo mini dafaffiyar gyaɗa, ina kai masa zoɓo, shi ke nan.

Sai manya suka yanke cewa za a riƙa rabon kaya shiyya-shiyya, a cire lambar hanya daga babban fayil. A watan ne kuma Injiniya ya samu aiki a Abuja. Canjin shi ne aikinsa na ƙarshe, wata Asabar da hantsi, aka ce in zo in duba bayanan in ya gama.

Ya kwafe komai gefe, ya nemi goge tsohon fayil, na'urar ta ƙi. Ya yi dariya ya ce ba ta sakin uwa 'ya'ya na riƙe da zanenta. Sai ya bi ƙananan yana gogewa, yana gaya mini kowanne zai sake gina shi a kan sabon. Ban da tawa, don gurbin da take tsaye a kai ba zai kasance ba.

"Hajiya, saura taki," ya ce. "Ki ce kina bukatarta, yanzu in kira manaja a bar gurbin."

Ina so. Amma na hango Litinin, ana tambaya me ya sa ni kaɗai na maƙale wa abin da Injiniya ya haɗa. A littattafaina yarinya sunkuyar da kai take yi, saurayi ya gane sauran. Na sunkuyar. Ya ci gaba da jira.

"Goge mana, Injiniya. Ai ba gadona ba ce."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya danna.

Ya gina sabon fayil, ya mayar da bayanai, ya tayar da sauran tagogin. Na duba, ko kanti ɗaya bai ɓace ba. Ya shanye zoɓonsa ya wanke gorar ya miƙo mini.

Ranar Litinin kantunan suka fito mini shiyya-shiyya, Television a wani shafi, Gonin Gora a wani. Direbobi sun yi gunaguni na ɗan lokaci suka saba. Wanda ya gaje shi na taɓa roƙonsa ya dawo mini da tagar, ya bincika ya ce babu abin da zai ɗora ta a kai.

Har yau in na shiga motar Gonin Gora ina kiran sunayen kantunan a raina yadda ya jera su, har waɗanda suka rufe.