Takarda Ba Ta Taɓa Haihuwa Ba

Duk gidan da aka yi haihuwa a unguwar Wunti cikin shekarun nan, an san Yaya Asabe ba ta fara barka da baki. Za ta yi sallama, ta wuce mai jego kamar ba ta gan ta ba, ta kwanto wani zare daga bakin zaninta, ta zagaya shi a kan jariri, ta ƙulla. Ta zagaya a ƙirji, ta ƙulla. Ta ja daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ta ƙulla. Sai ta gama tsaf sannan ta juyo ta ce, "To, barka da arziki. Kan nan dai babba ne, sannu da ƙoƙari."

Ni ne Garba mai faci, ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ba mutumin rubutu ba ne, aji huɗu na yi a firamare na gudu. Abin da ya zaunar da ni yau magana ce ɗaya. Tun da ta rasu bara ake yawo da cewa rigar ƙarshe da ta saƙa, wadda ta yi wa jikata Hafsa, ta yi kuskure a cikinta, wai ido ya tafi, hannu ya mutu. Mace ta yi shekara talatin da ɗoriya tana saƙa wa 'ya'yan mutane rigar sanyi da hula da safa, sau ɗaya tak aka taɓa samun matsala, shi ma ba laifinta ba, sannan a ce da kuskure za a rufe sunanta? Ban yarda ba. Amma bari in faro muku daga wancan sau ɗayan.

Saƙar nan a barikin Shadawanka ta koyo ta, wajen Maman Ngozi, matar wani soja da take kai wa man gyaɗa. Ita ce ta ba ta wani tsohon littafin saƙa mai hotunan jariran Turawa, farare sol kamar an fere doya. Yaya ba ta san ko bihim a boko ba, don haka ni ne mai karanto mata lambobi. Ina cikin facin taya sai a ce Yaya na kira.

"Garbati, duba nan. Ido nawa ya ce in ɗora?"

Ido shi ne ɗan madaukin zaren nan da ake jerawa a kan tsinken saƙa. In faɗa mata, ta ɗora, in koma bakin aikina da baƙin hannu, shafin littafi ma ya samu rabonsa.

Lokacin matata Kulu tana da cikin fari. Yaya ta ce ɗan ƙaninta ne zai fara sa aikin hannunta. Ta bi littafi layi-layi, ta gama riga shuɗiya tun kafin a haihu. Ranar suna, wanzami ya gama aske jaririn, Sani, mata sun cika tsakar gida, Yaya ta fito da riga ana ta guɗa. Aka zura masa. Kai ya shiga, ya zo daidai kunnuwa, ya tsaya cak! Ba gaba, ba baya. Yaro yana tsala ihu daga cikin riga, ƙafafu na harbi, kamar akuya ta sa kai a tulu. Kulu ta ɗora hannu a ka. Wanzami ne ya yi ta maza, ya sa askarsa ya tsarge wuyan rigar.

Washegari da sassafe ta zo ta tsaya a kaina.

"Kai ne ka karanto mini ƙarya. Dama wanda ya gudu daga aji huɗu!"

"Yaya, abin da na gani na faɗa."

"Tashi mu je."

Haka ta tasa ni gaba har bariki, littafi a hammata. Maman Ngozi ta sa tabarau, ta bi da yatsa, ta ga lambar da na faɗa ita ce. Ta ce, "Asabe, wannan littafi daga Ingila ne fa, ba ya ƙarya. Yaro ne ya yi kai da yawa."

Yaya ta ce, "To sai in warware yaron in sake saƙa shi?"

Maman Ngozi ta yi dariya har da hawaye. Yaya kuwa ko murmushi. Ta ƙwace littafin ta ƙura wa hoton ido, can sai ta dangwala yatsa: ga maɓallai uku a kafaɗar jaririn hoto. Ashe ana barin tsaga a kafaɗa don kai ya wuce. Maman Ngozi ta karanta shafin daga sama har ƙasa sau biyu, babu inda aka ambaci tsaga. Mai rubutun ya manta. A nan ne Yaya ta yi maganar da duk kuka sani:

"Dama na sani. Takarda ba ta taɓa haihuwa ba."

Wani zai ce daga ranar ta jefar da littafin. Ina! Yaya ta jefar da abu? Ajiye shi ta yi, ta sa masa ido kamar ɓarawon da aka yi wa afuwa. Duk inda ta kama shi da ƙarya, sai ta dangwala masa lalle da ɗan yatsa. Nan ya ce hannun riga layi kaza, ta saƙa ya fito har gwiwa: lalle. Can ya ce safar ɗan shekara ɗaya, ta fito ko babban yatsana ba ta ɗauka: lalle. Kafin shekara goma littafi ya yi ja kamar hannun amarya.

Daga ranar kuma ta kafa dokoki. Ba ta ƙara saƙa wa cikin da ba a haifa ba. Sai ta ga yaro ta auna, ta yi aikin cikin kwana shidan da ke tsakanin haihuwa da suna. Zaren awon kuma ta rataye shi a ƙusa a ɗakinta, kowanne ta san mai shi. Sannan ta samo wani ƙoƙo mai girman kan jariri, ta raɗa masa suna Alƙali. Duk rigar da ta gama sai Alƙali ya wuce ta wuyanta salin-alin. In ya tsaya, ko ta yi kyau kamar me, warwarewa za ta yi. Abin da ta fi tsana a duniya kuwa shi ne a ce mata, "Yi ta da ɗan girma, zai girma ya cike ta."

"Sanyin yau kuma fa?" in ji ta. "Shi ma zai jira ya girma?"

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Sai tsimi. Yaya ba ta kyautar da ulu, aro take bayarwa. Yaro na fin ƙarfin riga za ka gan ta a ƙofar gida ta zo karɓa. Ta warware, ta wanke, ta naɗe, ta saƙa wa wani. Shuɗin zaren Sani ɗin nan, wanda wanzami ya yanka, na ƙirga yara biyar da suka sa shi. Na ƙarshe ɗan Lami ne, 'yar ƙanwarmu da ke aure a Inkil. Da lokaci ya yi Yaya ta ce in raka ta karɓowa. Muna shiga gidan, me za mu gani? Ɗan akuya, haihuwar kwana biyu, yana tsalle a tsakar gida da shuɗiyar riga. Uwarsa ta ƙi shi, ga sanyi, Lami ta tausaya masa.

Lami ta durƙusa. "Inna, don Allah ki yi haƙuri, wallahi yau ne kawai..."

Yaya ta wuce ta. Ta kama ɗan akuya, ta ɗaga ƙafarsa ta gaba, ta leƙa.

"Ke Lami, ba sa wa akuyar ne ya ɓata mini rai ba. Dubi hammata yadda ta matse shi! Duk wanda ya gani cewa zai yi ni na auna."

Wallahi sai da ta kwanto zare ta auna ɗan akuyan nan.

Haƙorinta na gaba da kuka san babu, shi ma saƙa ce ta ci shi. Duk maɓallin da ta ɗinka sai ta kama shi da haƙori ta fizga, wai in ya cire a bakinta ya fi ya cire a bakin yaro. Rannan ta ɗinka wani da zaren lilo mai taurin nan, ta fizga, maɓalli ya zauna, haƙori ya taso. Ta tofar da shi a tafin hannu, ta duba, ta ce, "To, wannan ya ɗinku."

Sani ya girma, kan nan nasa yana nan yadda yake, ya auri Zainab, yarinya mai ilimi da ladabi. Da ta samu ciki sai ta samo tsarin saƙa a waya, ta yi hula da wando a ɓoye don ta burge Yaya. Ta kawo tana sunne kai. Yaya ta aika aka ɗauko Alƙali, ta kifa masa hular. Hula ta haɗiye Alƙali ɗungurungum, har da saura. Ta ɗaga wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da yatsa uku.

"Gwaggo, wallahi yadda aka rubuta na bi. Kuma mutane da yawa sun yaba a ƙasan hoton."

"Hoton suka yaba, ko yaro suka sa wa?"

Yaya ta ajiye wandon, ta ci gaba:

"Ita mai wayar, ta ga abin da ke cikinki? Ni ma da nake kusa ban gani ba. Zauna nan. Hannunki mai kyau ne, malaminki ne maƙaryaci."

Ta sa ta warware da hannunta, daga ranar kuma ta fara koya mata.

To, yanzu mun zo kan maganar da ta zaunar da ni.

Zainab ta haihu a wata bakwai, tsakiyar sanyi. Mace, 'yar mitsitsiya, in ka ɗora ta a tafin hannuna sai ka ga saura. Aka sa ta a kwalba a asibiti. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya cire rai. Kulu ma da za ta sayo kayan jarirai sai ta fasa, ta ce a dakata tukuna. Kun san ma'anar wannan dakatawar.

Yaya a lokacin tana kwance, ƙafafu sun kumbura. Ta ce in nemo keken haya mu je asibiti. Na ce ba za ta iya ba. Ta ce ba shawara ta nema ba. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta hana ta taɓa yarinya, suka yi ta yi, a ƙarshe Zainab ce ta wanke hannu ta auna da sabon zare, Yaya na tsaye a bayan gilashi tana ba da umarni: "Sassauta! Ba buhu kike ɗaurewa ba."

Kwana shida tana saƙa a kwance, fari da ruwan ƙwai, sabon ulu fil, ita da ba ta sayen sabo. Ranar suna aka buɗe rigar a gaban mata. Riga ce ta sosai, wadda za a sa jariri biyu irin wannan a ciki. Na ji wata daga baya tana cewa, "Allah sarki, tsufa." Wata ta ce a ba Zainab ta warware ta rage, a rufa wa tsohuwa asiri.

Ni ba na iya kwana-kwana. Na je na same ta.

"Yaya, riga ta yi yawa. Ido ne ya tafi?"

"Idon ubanka ne ya tafi."

"Ai ubanmu ɗaya, Yaya."

"To Allah ya ji ƙansa, ya bar mini kai. Miƙo zaren can na ƙarshen ƙusa."

Na miƙo. Ta ce in ƙirga ƙulli. Kowane zare a ɗakin nan ƙulli uku ne: kai, ƙirji, hannu. Wannan shida ne. Uku na Zainab, ƙanana, kusa da juna. Uku kuma nata, can gaba.

"Waɗannan na yau ne. Yau ba ta bukatar rigata, kwalba da ƙirjin uwarta sun ishe ta. Waɗannan kuma na wata huɗu ne. Yara nawa na auna a garin nan, Garbati? Na san inda za ta kai."

Na ce, "Ke da kika ce ba a yi wa yaro riga ya girma ya cike?"

"Wancan ragwanci ne. Wannan kuwa, duk kun ƙi sayen komai, kuna jira ku gani. To ni na gani. A ajiye mata. Duk wanda ya warware mini ita ban yafe ba."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Yaya, ba yarinyar ba.

Rigar tana ƙasan akwatina har Hafsa ta cika wata huɗu. Sanyi ya wuce a lokacin, har an fara zafi, amma na ce sai an sa. Zainab ta kwance maɓallai ukun kafaɗa, ta zura. Kai ya wuce sumul. Ƙirji daidai. Hannu ya tsaya a wuyan hannu, ba ƙari ba ragi. Yarinya ta yi gumi ta tsala ihu irin na ubanta, aka cire. Zainab ta juya baya tana share ido. Ni kuma na fita waje, na ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Don haka masu cewa ta yi kuskure, ga zare nan a wajena da ƙullinsa shida, ga riga, ga Hafsa tana rarrafe tana cinye mini igiyar takalmi. Shagona ba ɓoyayye ba ne. Littafi mai lalle da Alƙali suna hannun Zainab, har ta fara dangwala nata lallen.

Ya Allah, baiwarka Asabe ba ta haifi nata ba, amma ba ta bar ɗan kowa ya ji sanyi ba in dai ta sani. Ka yalwata mata kabarinta, kada ya matse ta ko ta ina. Ka lulluɓe ta da rahamarka, ita kam a yi mata da yawa, ba sai an auna ba. Amin.